Jego Babu Jariri

Kwana na uku ke nan ƙamshin miyar ganyen teku yana tsallako tsakar gida daga kicin ɗin surukata. Ina tsugune ina baza jan barkono a kan tabarma, na ɗaga hanci na sake shaƙa don kada in yi wa 'yar mutane ƙage. Ita ce dai, har da man riɗi da naman sa.

Miyar nan ba baƙuwa ba ce a kowane gida. Ranar zagayowar haihuwar mutum akan dafa masa, ya sha da safe, a wanke tukunya. Amma safe da rana da dare, kwana uku a jere, mace ɗaya ce ke shan ta haka, wato mai jego. Ni kuwa na san ranar haihuwar kowa a gidan nan, babu wanda ya zo duniya a watan takwas.

Ƙofarsu ta buɗe, Yonju ta fito. Zafin da ake yi ranar, kare ma ya shige ƙarƙashin motar ɗaukar kaya ya zaro harshe, amma matar ɗana sanye take da safa mai kauri da riga mai dogon hannu, ta naɗa ƙyalle a wuya. Ta miƙa hannu za ta buɗe famfo, sai ga Mansok ya fito a guje.

"Bari, bari! Ruwan da sanyi. Yanzu zan ɗumama miki."

Ɗan nawa ke nan, wanda ya kai shekara arba'in da uku bai taɓa ɗauraye kofin da ya sha ruwa da shi ba.

"Ke 'yar nan," na ce, "lafiya kike fama da safa a wannan zafi?"

"Mura ce, Inna."

"Mura. Ita ce kuma ke shan miyar ganyen teku sau uku a rana?"

Ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli kare. "Sha'awarta na yi," ta ce, ta ɗan rusuna ta koma ciki.

Ko tari ɗaya ban ji ta yi ba. Na haihu, na kuma kula da masu jego ba adadi a garin nan tun ana haihuwa a cikinsa. Mai jego ba ta taɓa ruwan sanyi, ba ta bari iska ta shiga ƙashinta har kwana ashirin da ɗaya. Abin da idona ke gani jego ne sosai. Jaririn ne kawai ban gani ba.

*

Da yamma Yaya Okbun ta dogaro sandarta ta zo, ta zauna a kan bencin ƙofar gidana. Maƙwabciyata ce tun ina amarya, shekararta tamanin da ɗaya, kunnenta ya daina jin komai ban da gulma.

"Uwar Mansok, hancina ne ya tsufa, ko haihuwa aka yi a gidanki kuka ƙi gaya wa mutane?"

"Yaya, ki rage murya mana."

"Wa zai ji? Garin nan duk kurame ne." Ta matso. "Ranar Juma'a na ga motar ɗanki ta fita da tsakar rana kamar an koro ta. Kwana biyu ba su dawo ba."

"Ya ce wani abu ta ci, aka kwantar da ita aka ƙara mata ruwa."

"Ƙarin ruwa ake sa wa safa?" Ta yi dariya har ta shaƙe. "To bas ɗin ƙarfe bakwai fa? Kowace Alhamis, shekara nawa yanzu? Me ake rabawa a birni ranar Alhamis? Ke dai ba yarinya ba ce. Yaran yanzu in abu ya shiga ba su shirya ba, zuwa suke a cire, su dawo su sha miya kamar sun yi aikin kirki."

Na ci gaba da tsinke hancin barkono. Abin da ta faɗa da baki shi ne na yini ina faɗa a ciki.

Mu arba'in da uku ne a Solgol, in an haɗa da Mansok da matarsa. Rabon da a ji kukan jariri a nan shekara ashirin da biyu, shi ma jikan Yaya Okbun ne, aka wuce da shi birni tun bai yi haƙori ba. Makarantar da Mansok ya yi, mai aji shida da yara ɗari uku, yanzu taki ake ajiyewa a ciki. Asibitin haihuwa na bakin kasuwar gunduma, inda na haife shi, sun sauya masa fenti sun mai da shi gidan makoki. A hawa na biyu na haihu, a hawa na ɗaya na karɓi gaisuwar mutuwar ubansa shekara huɗu da suka wuce. Matakalar ma ba su canza ba.

Bayan mutuwar ne Mansok ya bar aikinsa a birni ya dawo gona da matarsa. Ranar da suka sauke kaya, tsofaffin garin nan suka kewaye Yonju, wannan ta shafa ƙugunta, waccan ta auna kafaɗarta. Baba Pyo, mai unguwarmu, wanda kowace safiya yake sanar da mu a lasifika wanda ya mutu da ranar zuwan taki, ya yi alkawarin duk ranar da ta haihu zai yanka alade, ya kafa ƙyalle mai rubutu daga wannan bakin titi zuwa wancan. Ita dai murmushi ta yi ta yi.

"Ai ke ba ki da bakin magana," in ji Yaya Okbun tana miƙewa da ƙyar. "Wa ya bi mu gida-gida da ƙwayoyi a jaka yana cewa yawan haihuwa talauci ne? Takardar yabonki tana nan a bango, na gani. To ga shi kin samu suruka mai jin magana."

Tsohuwar banza, amma ba ta yi ƙarya ba. Ni ce shugabar ƙungiyar matan garin nan a lokacin da gwamnati ke roƙon mu rage haihuwa. Da bakina na yi ta cewa biyu sun isa, da aka dawo aka ce ɗaya ya isa, ni na fara kai kaina aka ɗaure mini mahaifa. Ba kuma don takarda na yi ba. Uwata ta haifi tara, ta binne huɗu, ta mutu tana da shekara arba'in da shida babu haƙori ko ɗaya a bakinta. Har gobe ba zan ce kuskure muka yi ba. 'Yan matan garin nan sun yi karatu ne saboda babu ƙanne bakwai a bayansu. Sai dai babu wanda ya gaya mana cewa wata rana za mu zauna a benci muna shinshinar kicin ɗin mutane.

*

Da na kwanta ranar, sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya nemi wurinsa ya zauna daram.

Na tuna wani cin abinci a bara. Talabijin na kunne, wani mai gilashi yana ta bayani cewa in aka ci gaba haka ƙasa za ta ƙare. Na ce, da gangan kuwa, "To ai laifin masu ƙin haihuwa ne." Yonju ba ta ɗago daga kwanonta ba ta ce, "Wataƙila ba laifi ba ne in mun ragu, Inna. Waɗanda suka rage sa samu wurin numfashi." Mansok ya ƙara ƙarar talabijin. A lokacin na ɗauka surutun 'yan boko ne.

Na tuna kuma wata uku ke nan tana zille wa gona. Yau ciwon kai, gobe jiri, jibi aikin kwamfuta. Buhu ko ƙarami ba ta ɗagawa. Har ranar Juma'ar nan, da aka ce ruwan sama mai ƙarfi na tafe kuma barkono ya nuna jajur a gona, na tsaya a tsakar gida na ce wa Yaya Okbun, yadda za a ji har cikin ɗaki, "Matan birni ai yatsunsu na latsa waya ne kawai." Ba a jima ba ta fito da hular rana. Mansok ya tare ta a ƙofa suna ƙus-ƙus, ta ture hannunsa. Ta yi tsinka tun safe har rana ta take, ta ja buhuna tare da ni. Da tsakar rana na juya na ga babu ita babu shi, sai ƙurar mota. Yanzu na fahimta, na ce a raina. Ranar ce likitan ya ba ta, tsinkar barkonon rufa ido ce.

Washegari Alhamis. Ba ta hau bas ba, Mansok ne ya kai ta a mota. Suna ɓacewa a kwanar gada na ɗauki makullin da ke ƙarƙashin tukunyar fure na shiga ɗakinsu. Ban taɓa yi ba, amma na shiga.

Kicin tsaf, tukunyar miya a kan murhu. Ganyen tekun irin na leda ne, gutsattsare, wanda ake saya a kowane kanti. Na ji haushin wannan ma. Wanda ake saya wa mai jego dogo ne, ya kusa tsayin mutum, kuma ba a lanƙwasa shi, ba a karya shi tun daga hannun mai sayarwa har tukunya, don kada haihuwa ta zo da gardama. Ina da irinsa a kan kabad ɗina, naɗe da takarda. Tun shekarar aurensu nake sayen sabo kowace bazara, in sauko da tsohon in cinye shi ni kaɗai a hankali ba tare da kowa ya sani ba. Shida na saya, biyar na ci.

A can ƙasan firiji, bayan robar kimci, kabejin nan da muke tsimawa da barkono, na samu wani ɗan akwati. Allurai ne siri-siri a jere, da ƙananan kwalabe, da katin asibitin mata na birni mai sunanta. Rubutun jikin kwalaben na ƙasar waje ne, amma ni ba sai an karanta mini ba. Shekara goma ina ɗaukar kayan hana haihuwa a jaka. Na san mace ba ta ɓoye allura a bayan kimci sai in ba ta so uwar mijinta ta gani.

Na zauna a ƙasan kicin ɗin na yi kuka, ba na baƙin ciki ba, na takaici. Shekara huɗu tana rusuna mini tana "Inna, Inna", tana matsa mini kafaɗa, ni kuma ina hana mutane yi da ita. Ashe jikana take hanawa ya zo, da ya kutso ya zo kuma ta je aka fitar da shi. Ɗana da na haifa shi ke dafa mata miyar.

Na sa akwatin a aljihun zanena na fita. Jibi ne ranar tunawa da uban Mansok. Na ce a gabansa za a yi ta.

*

Dā sai tsakar dare ake shimfiɗa wa mamaci tebur. Yanzu da yake duk mun tsufa, rana na faɗuwa muke yi. Na yini ina soye-soye. Yonju ta zo za ta taya ni, na ce ta je ta huta da murarta. Ta tsaya jim a bakin ƙofa, sannan ta tafi.

Muka jera komai yadda aka saba, kifi ta gabas, nama ta yamma, 'ya'yan itace a gaba, hotonsa a tsakiya yana harararmu kamar yadda ya yi shekara arba'in yana yi. Aka buɗe ƙofar waje don ya samu hanyar shigowa. Mansok ya kunna turare, ya zuba giyar shinkafa, ya kai goshi ƙasa sau biyu. Ya buɗe kwanon shinkafar uban ya kafa cokali a ciki. Nan ne akan yi shiru a ba mamaci lokaci ya ci.

Ni ban yi shiru ba. Na ciro akwatin na dire shi a kan tebur, kusa da kwanon.

"Inna!" in ji Mansok. "Ina kika samo wannan?"

"Kai rufe mini baki, ba da kai nake ba." Na juya ga matarsa. "Ga shi nan ya zo, yana ji. Ki faɗa masa. Ki faɗa masa wa zai kafa masa cokali in wannan ya mutu. Ki faɗa masa abin da kika je kika yi ranar Juma'a."

Fuskarta ta yi fari fat. "Me na yi, Inna?"

"Ni za ki mayar yarinya? Safa a watan takwas? Miya sau uku? In ba kya son haihuwa ai sai ki faɗa, ba ke kaɗai ba ce, ƙasar nan cike take da irinku masu tura kare a keken jarirai. Amma ki zubar da jinin gidan nan, ki dawo ki zauna kina jego a gaban idona?"

Mansok ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito. Ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba. Yonju ta riƙe ƙafar wandonsa.

"Zauna," ta ce masa a hankali. "Baba na cin abinci."

Ta dafa ƙasa ta tashi da ƙyar, ta fita ta ƙofar da muka buɗe wa mamaci. Na ji takunta a tsakar gida, tafiyar mai ciwo. Da ta dawo akwai wata 'yar takarda a hannunta, baƙa mai sheƙi. Ta durƙusa ta jingina ta da kwanon shinkafa, ta fuskanci hoton.

"Baba, ga jikarka," ta ce. "Mace ce. Watanta huɗu da sati ɗaya. Yau muka shirya gaya maka, kai da Inna tare. Ka yi haƙuri, ban iso da ita ba."

Ban san lokacin da na ɗauki takardar ba. Ko ba gilashi ana ganin kai, ana ganin ɗan hannu a ɗage kusa da baki.

"Alluran nan fa?" Muryata ta fito kamar ba tawa ba.

"Na neman haihuwa ne," in ji Mansok. "Shekara uku tana soka wa kanta a ciki. Da safe kina ban ruwa a lambu, ita tana banɗaki tana cizon tawul. Alhamis ɗin da kuke ƙirgawa ke da Inna Okbun, layin asibiti take zuwa bi. Sau biyu ana dasawa bai kama ba. Wannan ne ya kama."

"To me ya hana ku faɗa mini? Ni ba uwarka ba ce?"

Yonju ce ta amsa, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Da na faɗa miki da safe, Inna, kafin rana ta faɗi Baba Pyo ya faɗa a lasifika. Mutum arba'in da ɗaya suna kallon cikina kamar tukunya a kan wuta. In na shiga kanti a kalli abin da na saya, in na yi amai a yi murna, in na ga jini a yi makoki. Sau biyun farko ni da shi kaɗai muka yi kukanmu, muka share ido muka fito. Ba zan iya ɗaukar kukan gari guda ba."

Turaren ya ci rabi. Akwai tambayar da dole in yi ta.

"Barkonon ne?"



"Likita ya ce ba shi ba ne," in ji Mansok, yana kallon tabarma. "Ya ce bakin mahaifa ne ya buɗe da kansa, yakan faru. Ya ce da mun iso da wuri da sun ɗinke shi." Ya ɗago ya dube ni. "Minti ashirin muka yi zuwa kasuwar gunduma, Inna. Na taka birki a ƙofar asibitin da kika haife ni, na manta, na rantse miki na manta. Sai da na ga furannin makoki a jere. Na wuce babban asibitin gunduma, suka ce rabonsu da likitan haihuwa shekara bakwai, wa zai zauna yana jiran haihuwa biyar a shekara? Suka ce mu wuce birni. Awa ɗaya da minti arba'in daga gida. A kan gadar shiga birni ta ce mini in daina gudu."

Yonju ta kai goshi ƙasa a gaban hoton, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta karɓi takardar daga hannuna da hannu biyu, cikin ladabi, kamar yadda take karɓar komai daga gare ni. Akwatin alluran ta bar shi a kan tebur.

Likita ya ce ba barkonon ba ne. Na ji, na kuma yarda likita ya fi ni sani. Amma ni na san wadda ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya don a ji a cikin ɗaki.

*

Washegari da safe Mansok ya sa jakarta a mota. Gidan yayarta za ta je a birni ta ƙarasa kwanakinta. Na fito na tsaya da tsintsiya a hannu, na rasa abin da ake cewa. Shekara saba'in da biyu bakina bai taɓa rasa magana ba sai ranar.

Ta zo gabana ta rusuna sosai. "Inna, ki riƙa shan maganin hawan jininki. Yana kan firiji, na rubuta ranakun da manyan baƙaƙe."

"Yaushe za ki dawo?"

Ta kalli mijinta. Wannan karon bai kalli kare ba.

"In za mu sake gwadawa, sun ce sai tana kusa da asibiti, tafiyar minti goma," ya ce. "Ina gama sayar da barkono zan bi ta. Gonar sai mu ba Baba Pyo haya, in yana da ƙarfin nomawa."

"Za ku sake gwadawa ɗin?"

"Ban sani ba, Inna," in ji Yonju. "Na gaji."

Motar ta fita. Yaya Okbun na tsaye a bakin katangarta ta ƙyalla ido.

"Uwar Mansok, yaya aka ƙare? Ta amsa laifinta?"

Na ce, "Yaya, shiga gida." Yadda na faɗa ya sa ta shiga, karo na farko a shekara hamsin.

Kwana huɗu ina kewaya gidan. Na sauke takardar yabon nan daga bango, na dube ta, na mayar, don ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Na ɗauki waya sau goma ina ajiyewa. Me zan ce a waya? A lissafina kwananta sha uku da ɓarin, saura takwas jegonta ya cika, kuma ganyen leda take sha, gutsattsare, kamar wadda ba ta da kowa.

Ranar Alhamis na taka kujera na sauko da na kan kabad. Na kakkaɓe ƙurar takardar na ɗaure shi da igiya sama da ƙasa. Ya fi ni tsayi da kaɗan. Na rungume shi na nufi bakin titi.

Bas ɗin ƙarfe bakwai ya tsaya. Direban ya dube ni ya dubi kayana.

"Kaka, wannan ai sai kin lanƙwasa shi, ba zai shiga ƙarƙashin kujera ba."

"Ba a lanƙwasa shi."

"To sai dai ki riƙe shi a tsaye har birni."

"Zan riƙe."

Mutum tara ne a ciki, daga ƙauyukan sama da mu, duk masu furfura, kowa da ledar magungunansa zai je ganin likitan gwiwa ko na ido. Na samu kujera na zauna na tsayar da shi tsakanin ƙafafuna. Wata tsohuwa mai ƙusumbi da ke gefena ta ƙura masa ido, ta miƙo hannu ta taɓa takardar, ta shinshina yatsunta.

"Kai! Na mai jego ne!" ta ce da ƙarfi. Ta juya baya. "Ku duba, dogon ganye! Rabona da ganin irinsa a motar nan tun mijina na da rai!"

Motar ta ɗauka. Wani tsoho ya cire hularsa yana kaɗawa, wasu suka fara tafi, direban ma ya danna ham sau biyu yana dariya a madubi. Wata ta miƙo mini alewa daga can baya, hannu zuwa hannu, ta ce a kai wa uwar.

"A wane gari? Solgol? Ashe har yanzu ana haihuwa a Solgol!" Mai ƙusumbin ta riƙe hannuna da nata biyu, idonta ya ciko. "Kin ji daɗinki, 'yar'uwa. Me aka samu? Namiji ko mace?"

Daidai nan motar ta rage gudu a kasuwar gunduma. Ta taga na ga furanni farare a jere a ƙofar ginin, wasu masu baƙaƙen kaya suna hawa matakalar da na sani.

"Mace," na ce.

Suka sake tafawa. Na ƙara rungume ganyen a ƙirjina don kada ya karye a kwana. Saura awa ɗaya da minti ashirin.